Taurari Ashirin na Enterprise: Nazari kan Lambobin Yabon Jirgin Ruwan Yaƙi da Mutanensa

Wanda ya taɓa duba hoton jirgin ruwan yaƙin Amurka da kyau zai lura da wasu ƙananan zane-zane masu launi iri-iri, an jera su sahu-sahu a jikin ɗakin da kyaftin yake tsayawa yana ba da umarni. Irin ƙyallayen nan ne da soja yake maƙalawa a ƙirjin kakinsa, sai dai waɗannan da fenti aka yi su a jikin ƙarfe. Lambobin yabon jirgin ke nan. Tambayar da za ta fara zuwa wa mai hankali ita ce: ƙarfe ba ya jin tsoro, balle a ce ya danne tsoron ya yi jarumta, to me ake yabawa? Kuma idan mutanen ciki ake nufi, waɗanne daga cikinsu, tunda jirgi guda yakan canza dubban ma'aikata a tsawon rayuwarsa?

Domin amsa wannan na zaɓi jirgi guda, wato Enterprise mai lamba CV-6, jirgin dakon jiragen saman yaƙi wanda ya fi kowane jirgin ruwan Amurka samun lambobin yabo a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da nake son nunawa shi ne, yabon da ake yi wa jirgi gaba ɗayansa ya fi kusa da adalci a kan yabon mutum ɗaya-ɗaya, domin yana isa ga mutanen da ido ba ya gani. Amma kuma jerin lambobin jirgi ba ma'aunin jarumta ba ne kai-tsaye. Rabinsa rajistar wuraren da jirgin ya je ce, rabinsa kuma hukuncin gwamnati ne kan abin da take so a tuna.

An ƙera Enterprise a Newport News ta jihar Bajiniya. An saka shi a ruwa ranar 3 ga Oktoba 1936, ya kama aiki ranar 12 ga Mayu 1938. Tsawonsa ya kai mita 250, yana ɗaukar jiragen sama kusan 90 da mutane sama da 2,000. Su uku aka ƙera a kan fasali guda: Yorktown, da shi, da Hornet. Kafin shekarar 1942 ta ƙare, 'yan'uwansa biyu suna ƙasan teku. Daga cikin manyan jiragen dakon jiragen sama da Amurka ta mallaka kafin ta shiga yaƙin, uku kacal suka ga ƙarshensa: Enterprise, Saratoga da Ranger. Ya kamata a riƙe wannan a zuci, domin sharaɗin farko na tara lambobi shi ne jirgi ya rayu. Jirgin da ya nutse a shekarar farko an rufe littafinsa, ko da kuwa mutanensa sun fi kowa bajinta.

Lambobin da shi da mutanensa suka samu iri uku ne, kuma kowanne da abin da yake faɗa.

Na farko su ne taurarin yaƙi guda 20, waɗanda aka fi ambata. A watan Nuwamba 1942 gwamnatin Amurka ta ƙirƙiro lambar da ake ba duk wanda ya yi aikin soja a fagen Asiya da tekun Fasifik. Daga baya hukumar sojan ruwa ta fitar da jerin yaƙe-yaƙe da farmaki, kowanne da ranar farawa da ta ƙarewa da iyakar wurinsa. Duk jirgin da ya shiga ɗaya daga cikinsu ya sami tauraro, mutanen da suke cikinsa a lokacin kuma su maƙala ɗan ƙaramin tauraron tagulla a kan ƙyallen lambar. Idan taurarin sun kai biyar sai a maye gurbinsu da na azurfa guda. Ke nan tauraron yaƙi shaidar halarta ne. Ba ya bambanta ranar da jirgi ya sha wuta da ranar da ya harba jiragensa suka dawo lafiya aka ci abincin dare.

Misali biyu sun isa. Jirgin San Diego ya tara taurari 18, shi ne na biyu bayan Enterprise, kuma har aka gama yaƙin abokan gaba ba su kashe masa ko mutum ɗaya ba. Jirgin Franklin kuwa taurari huɗu gare shi, amma a safiya guda, ranar 19 ga Maris 1945, bama-bamai biyu suka faɗa masa a kusa da gaɓar Japan, ya kama da wuta, mutum sama da 700 suka mutu, sauran suka kashe wutar suka kai shi gida. Wanda ya ƙirga taurari kawai zai ɗauka San Diego ya ninka Franklin shan wahala sau huɗu da ɗoriya. Wannan ba rage darajar San Diego ba ne, don kare kai da kare jiragen da kake rakiya gwaninta ce babba. Abin lura shi ne lissafin bai auna abin da jama'a suke zato ya auna ba.

Iri na biyu shi ne yabon rukuni, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Ranar 6 ga Fabrairu 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Yabon Shugaban Ƙasa ga Rukunin Soja. Ƙa'idarsa ita ce, jirgi ko runduna ta nuna bajintar da, in da mutum ɗaya ne ya yi ta, da ya cancanci Navy Cross, lambar da take ta biyu a daraja a sojan ruwan Amurka. A watan Disamba 1944 sakataren sojan ruwa James Forrestal ya ƙara wani yabon da yake ƙasa da wannan, wato Yabon Rundunar Ruwa ga Rukuni. Enterprise ya sami duka biyun. Na Shugaban Ƙasa ya shafi aikinsa daga 7 ga Disamba 1941 zuwa 15 ga Nuwamba 1942, kuma shi ne jirgin dakon jiragen sama na farko da aka ba. Na biyun ya shafi daga 19 ga Nuwamba 1943 zuwa 14 ga Mayu 1945. Jirgin da ya sami yabon Shugaban Ƙasa yakan ɗaga wata siririyar tuta mai launin shuɗi da rawaya da ja, kuma duk wanda sunansa yake cikin rajistar jirgin a tsakanin waɗancan ranaku yana da haƙƙin saka ƙyallen har ya mutu, daga kyaftin har mai wanke tukwane. Wanda ya zo bayan ranar, ko da kwana ɗaya ne, ba shi da wannan haƙƙi na dindindin.

Sai an dubi waɗannan watanni goma sha ɗaya na farko kafin a gane dalilin yabon. Ranar da Japan ta kai hari Pearl Harbor, Enterprise yana kan hanyar dawowa daga tsibirin Wake, inda ya kai jiragen yaƙi. Rashin kyawun yanayi ya jinkirta shi, shi ya sa harin bai same shi a tasha ba. Amma jiragensa da suka yi gaba sun faɗa tsakiyar harin, wasu Japanawa suka harbo su, wasu kuma 'yan'uwansu na ƙasa da suka firgita. Da daddare ma an sake buɗe wa jiragensa wuta bisa kuskure, matuƙa uku suka mutu. Kwana uku bayan haka, ranar 10 ga Disamba, jiragensa suka nutsar da jirgin ƙarƙashin teku na Japan mai lamba I-70. A watan Fabrairu ya kai farmaki tsibiran Marshall, a Afrilu ya raka Hornet har kusa da Japan domin harin da Doolittle ya jagoranta a kan Tokyo.

Sai yaƙin Midway, ranar 4 ga Yuni 1942. Jirage 14 masu ɗauke da nakiyar ruwa suka tashi daga Enterprise, huɗu suka dawo, kuma ba su sami ko jirgi ɗaya na Japan ba. Masu jefa bam kuwa, ƙarƙashin Wade McClusky, sun isa inda aka ce musu abokan gaba suke, suka tarar da ruwa tsagwaronsa. Mai yana ƙarewa, amma McClusky bai juya ba. Ya hango wani ƙaramin jirgin yaƙin Japan yana tsala gudu shi kaɗai, ya yi tunanin wurin 'yan'uwansa ya nufa, ya bi sawunsa. Cikin 'yan mintoci jiragen Kaga da Akagi suna ci da wuta, jiragen Yorktown kuma suka gama da Soryu. Da yamma jiragen da suka tashi daga Enterprise suka ƙarasa na huɗun, Hiryu. An ba McClusky Navy Cross, haka ma Richard Best, wanda ya afka wa Akagi da jirage uku kacal. Best bai sake tuƙa jirgi ba bayan wannan rana, saboda gurɓatacciyar iskar da ya shaƙa daga na'urar numfashi ta tayar masa da tarin fuka.

Waɗannan sunaye ne da tarihi ya riƙe, kuma sun cancanta. Amma matuƙin jirgin sama yana da shaidu: abokan tafiyarsa sun ga inda bam ɗinsa ya faɗa. Mutumin da yake can ƙasa a ɗakin injin fa?

Ranar 24 ga Agusta 1942, a gabashin tsibiran Solomon, bama-bamai uku suka sami Enterprise cikin 'yan mintoci, mutum sama da 70 suka mutu. Masu kashe gobara suka shawo kan wutar, aka toshe ramukan da ke dandamalin, har jirage suka fara sauka. Can sai sitiyarin jirgin ya ƙafe a gefe guda. An rufe hanyoyin iska na ɗakin injin sitiyari don kada hayaƙi ya shiga, zafi ya yi tsanani har mutanen ciki suka suma, ruwa da kumfar kashe gobara kuma suka lalata injin. Ƙaton jirgi ya shiga zagaye a wuri ɗaya, alhali na'urar hangen nesa tana nuna wani ayarin jiragen Japan yana nemansa. Wani makanike mai suna William Smith ya ɗaura na'urar numfashi ya sauka. Zafi ya kayar da shi aka jawo shi, ya farfaɗo ya koma, har ya isa ya tayar da injin ajiya. Minti 38 jirgin ya yi ba akala. An ba Smith Navy Cross. Sai dai bai sauka shi kaɗai ba, kuma waɗanda suka suma a ɗakin sun suma ne don ba su bar bakin aikinsu ba. Akwai masu riƙe da tiyo a cikin hayaƙi, da masu jidar harsashi daga ma'ajiyar da wuta take kusanta, da masu hura tukunyar injin waɗanda ba su san abin da ake ciki a sama ba sai dai su ji jirgin ya girgiza. In jirgin ya nutse su ne na ƙarshen fita, galibi ma ba sa fita. Babu hafsan da zai iya rubuta takardar shaida ga kowannensu, don babu wanda ya gan su. Yabon rukuni shi ne kaɗai hanyar da hukuma take da ita ta ce musu ta san da su. A kan wannan dalili nake ganin ya fi kowace lamba dacewa da yaƙin teku, inda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kowa makomarsa ɗaya da ta jirgin.

Wata biyu bayan haka, ranar 26 ga Oktoba, a yaƙin Santa Cruz, bama-bamai biyu suka sake samunsa, mutum 44 suka mutu, Hornet kuma ya nutse. Da ma jirgin Wasp ya nutse a Satumba, Saratoga yana wurin gyara. Na ɗan lokaci Enterprise ne kaɗai jirgin dakon jiragen saman Amurka da yake iya yaƙi a wannan fage, har ma'aikatansa suka kafa allo a cikinsa suka rubuta cewa yaƙin yanzu tsakanin Enterprise ne da Japan. A tsakiyar Nuwamba ya koma Guadalcanal masu walda suna ta aiki a cikinsa, ɗaya daga cikin na'urorin da suke ɗaga jirage zuwa dandamali ba ta aiki. A haka jiragensa suka taimaka wajen nutsar da babban jirgin yaƙi Hiei da kuma Kinugasa. Sau uku Japan tana shelar ta nutsar da shi, yana sake ɓullowa.

Takardar yabon Shugaban Ƙasa ta ce a wannan tsakani jirgin da matuƙansa sun nutsar ko sun lalata jiragen ruwan Japan 35, sun harbo jiragen sama 185. Adadin da aka danganta masa na dukan yaƙin shi ne jiragen sama 911 da jiragen ruwa 71 da aka nutsar. Mai nazari ya karɓi waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan. Daga rahoton matuƙa da maharba aka tattara su, ana tsakiyar yaƙi, inda mutum biyar za su harbi jirgi ɗaya kowa ya rantse shi ya kayar da shi. Da aka kwatanta rahotannin kowane ɓangare da takardun abokan gaba bayan yaƙin, an sha tarar da ƙari, a wurin Amurkawa da Japanawa duka. Ba ƙarya suka yi ba, abin da ido ya nuna musu suka faɗa. Amma takardar yabo ba a sake rubuta ta idan bincike ya zo daga baya.

Iri na uku su ne lambobin mutum ɗaya-ɗaya, kuma a nan ne son rai da siyasa suka fi samun ƙofa. Admiral Nimitz ya hau dandamalin Enterprise a Pearl Harbor ranar 27 ga Mayu 1943 ya miƙa masa yabon Shugaban Ƙasa. Shekara guda cif kafin nan, ranar 27 ga Mayu 1942, a kan wannan dandamalin, Nimitz ya maƙala wa wani baƙar fata ɗan garin Waco ta jihar Texas, mai suna Doris Miller, lambar Navy Cross. Miller ba ma'aikacin Enterprise ba ne. A jirgin West Virginia yake aikin hidimar abinci da wanki, domin a wancan zamani kusan wannan ne kaɗai aikin da sojan ruwan Amurka yake ba baƙar fata. Ranar harin Pearl Harbor ya taimaka aka janye kyaftin ɗinsa da ya ji mummunan rauni, ya kama bindigar harbo jirage da ba a taɓa koya masa ba ya yi ta harbi, sannan ya shiga ceton waɗanda suka ji ciwo. A jerin farko na waɗanda hukuma ta yaba ba a ko ambaci sunansa ba, an ce wani baƙar fata kawai. Sai da jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ta tono sunan, aka yi ta matsin lamba, sannan aka ba shi lambar, ya zama baƙar fata na farko da ya same ta. Kyaftin ɗin da ya janye, Mervyn Bennion, an ba shi Medal of Honor, lambar da ta fi kowace daraja, bayan rasuwarsa. Babu baƙar fata ko ɗaya da aka ba wannan lamba a lokacin yaƙin, sai a 1997 aka ba mutum bakwai na sojan ƙasa, shida daga cikinsu sun riga sun rasu. Miller kansa ya mutu ranar 24 ga Nuwamba 1943 da aka nutsar da jirgin Liscome Bay. A watan Janairu 2020 aka sanar da cewa wani sabon jirgin dakon jiragen sama zai ɗauki sunansa.

Wani lokacin kuma yabon yakan zo nan take ba tare da takarda ba. Ranar 1 ga Fabrairu 1942 wani jirgin Japan da ya kama da wuta ya nufo dandamalin Enterprise. Wani ƙaramin makanike, Bruno Gaido, ya ruga ya faɗa kujerar baya ta wani jirgi da yake ajiye, ya juya bindigar ya yi ta harbi har fiffiken jirgin Japan ɗin ya datse wutsiyar wanda yake ciki, ya wuce ya faɗa ruwa. Admiral Halsey ya sa aka kira shi ya ƙara masa girma a take. Wata huɗu bayan haka, a Midway, jirgin Gaido ya faɗa teku. Japanawa suka tsamo shi da matuƙinsa, suka yi musu tambayoyi, suka ɗaura musu nauyi suka jefa su ruwa.

Turawan Ingila nasu tsarin daban ne, kuma kwatanta shi da na Amurka yana da amfani. Su ba taurari suke ƙirgawa ba. Sunan yaƙin da shekararsa ake sassaƙawa a kan allon katako a rataye a cikin jirgi, kuma girmamawar ta sunan jirgin ce, ba ta ƙarfensa ba. Idan jirgi ya nutse ko aka farfasa shi, sabon da aka raɗa wa sunan yakan gaji allon, har a ga jirgin zamani yana ɗauke da sunan yaƙin da aka yi da jiragen filafilai. A Amurka ba a gadon lamba. Enterprise mai aiki da nukiliya, wanda ya kama aiki a 1961, ya gaji sunan amma bai gaji tauraro ko ɗaya ba. Cikin jiragen Ingila na wancan yaƙi akwai wanda aka sa wa suna Nijeriya, HMS Nigeria, wanda jirgin ƙarƙashin teku na Italiya ya harba wa nakiya ranar 12 ga Agusta 1942 yana rakiyar ayarin kai agaji tsibirin Malta. Ya rayu, ya je ya yi aiki a tekun Indiya, daga baya aka sayar wa Indiya shi ya koma Mysore. Kakanninmu da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun dawo da lambar nan mai siffar tauraro ta fagen Bama, wadda ita ma, kamar taurarin Enterprise, shaidar halartar fage ce. Ingila ta karrama Enterprise da kanta: a watan Nuwamba 1945, a tashar Southampton, shugaban hukumar sojan ruwanta ya hau jirgin ya miƙa masa tutar hukumar, abin da ba a saba yi wa jirgin wata ƙasa ba.

Akwai inda yabon rukuni yake da rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Hukumar da take yaƙin ita ce take ba da shi, don haka abin da ya ba ta kunya yakan jira, ko a yi shi a ɓoye. Kyaftin ɗin Franklin, Leslie Gehres, ya kafa ƙungiyar mutum 704 da ya ce su ne suka tsaya da jirgin, ya zargi waɗansu da gudu, alhali da yawansu fashewar bam ce ta watsa su teku ko wuta ta tilasta musu faɗawa. Shi an ba shi Navy Cross, su kuma suka rayu da tabon zargi. Jirgin Indianapolis, mai taurari goma, ya nutse ranar 30 ga Yuli 1945, mutanensa suka kwana huɗu a ruwa ba wanda ya neme su, 316 suka tsira daga kusan 1,200. Aka gurfanar da kyaftin ɗinsa, Charles McVay, a kotun soja. Sai a shekarar 2000 majalisar dokoki ta wanke shi, shekara 32 bayan ya kashe kansa. Jirgin Liberty, wanda sojojin Isra'ila suka kai wa hari ranar 8 ga Yuni 1967 suka kashe mutum 34, ya sami yabon Shugaban Ƙasa, kyaftin ɗinsa William McGonagle kuma ya sami Medal of Honor. Amma ba a Fadar White House aka ba shi ba kamar yadda aka saba, sakataren sojan ruwa ne ya miƙa masa a wani sansani da ke Washington.

Mafi nauyi a zuciyata shi ne lamarin Vincennes. Ranar 3 ga Yuli 1988 wannan jirgi ya harbo jirgin fasinja na Iran a mashigin Hormuz, mutum 290 suka mutu, 66 daga cikinsu yara ne. Ma'aikatansa sun sami ƙyallen shiga fagen fama, saboda musayar wutar da suka yi da ƙananan jiragen ruwan Iran. Kyaftin Will Rogers kuma an ba shi lambar Legion of Merit saboda shekaru biyun da ya yi yana jagorantar jirgin, kuma takardar ba ta ambaci jirgin fasinjan ba. A ƙa'idar hukuma an bi doka. Amma uban da ya rasa 'ya'yansa a wannan jirgi, idan ya ji an maƙala wa kyaftin lamba, ba ƙa'ida zai ji ba, kuma yana da gaskiya. A ganina lambar da aka bayar ba tare da an faɗi abu mafi girma da ya faru a lokacin ba, tana zubar da ƙimar sauran lambobin da aka samu da jini, har da na Smith da Miller.

Akwai kuma jiragen da aka yaba ba a faɗi dalili ba. Jirgin ƙarƙashin teku Parche, wanda ya yi aikin leƙen asiri a zamanin Yaƙin Cacar Baka, ya sami yabon Shugaban Ƙasa har sau tara, fiye da kowane jirgi a tarihin Amurka, kuma yawancin abin da ya yi yana cikin takardun sirri. A nan mai nazari ba shi da abin da zai auna, sai dai ya karɓi maganar gwamnati ko ya bar ta.

Enterprise ya ci gaba da yaƙi har kusan ƙarshe. A watan Nuwamba 1943 Edward O'Hare, wanda filin jirgin saman Chicago yake ɗauke da sunansa, ya tashi daga kan jirgin da daddare bai dawo ba. A ƙarshen 1944 aka mayar da Enterprise jirgin yaƙin dare, kuma a Iwo Jima ya yi awa 174 a jere ba a rasa jirginsa a sama ba. Ranar 14 ga Mayu 1945, a kusa da Kyushu, wani matuƙin Japan ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa cikin dandamalinsa. Fashewar ta cilla na'urar ɗaga jirage ta gaba sama da mita 100 a sararin sama, mutum goma sha wani abu suka mutu. A wannan rana yabonsa na biyu ya tsaya, yaƙinsa ma ya ƙare. Bayan an gyara shi ya yi jigilar sojoji sama da 10,000 daga Turai zuwa gida, aka sallame shi daga aiki ranar 17 ga Fabrairu 1947.

Tsofaffin ma'aikatansa, da Halsey a gaba, sun yi ta fafutukar a mayar da shi gidan tarihi. Kuɗin bai taru ba, gwamnatin da ta ba shi lambobin kuma ba ta cike giɓin ba. A ganina wannan sakaci ne babba, domin jirgin da kansa, da ɗakin injin sitiyarinsa da tabon bama-baman da ke jikinsa, da ya koya wa na baya abin da jerin taurari ba zai iya koyarwa ba. Ranar 1 ga Yuli 1958 aka sayar da shi ga 'yan gwangwan, aka farfasa shi a Kearny ta jihar New Jersey, aka gama a 1960. Ƙararrawarsa tana makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis, ɗaya daga cikin ankocinsa yana Washington, farantin ƙarfen da yake ɗauke da sunansa kuma yana wani ƙaramin gari mai suna River Vale a New Jersey.